Takarda Ba Ta Durƙusawa

Katangar gidan Audu ce ta fama mini wannan tsohon miki. Ruwan da aka yi kwana biyu ana tafkawa ya kwantar da ita ta wajen gabas, har daga kan hanya kana hango turmin matan gidan. Audu ya girme ni, idonsa ya tafi, 'ya'yansa maza duk suna birni, kuma a garin nan mu biyu muka rage cikin waɗanda suka san juna tun ana yawo da bante. Sai na kira babban ɗana, wanda shi ma gemunsa ya yi fari, na ce ya zaga gari ya gayyato mutane ranar Asabar a kafa wa Audu ko danga ce, kafin rani ya zo a yi gini. Ya ce to. Ko gyara zama bai yi ba, ya zaro waya daga aljihu, ya danna ya danna, ya ɗago ya ce, "An gama, Baba, saƙo ya isa." Jikokina da suka zo dogon hutu suna kwance a tabarma kowa da tasa wayar, ba wanda ya ko motsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na kasa yi masa faɗa, domin wannan kalma ta saƙo ya isa na taɓa faɗinta da bakina, kuma na san abin da ta ci wa gidanmu.

A lokacin ina makarantar kwana a Zariya, zamanin Turawa, gemu bai ko fara tsiro mini ba. A ƙauyenmu na kusa da Nasarawan Doya ni kaɗai aka ɗauka boko, don haka kada ka tambaye ni irin girman kan da nake ɗauke da shi. Ranar da za a sallame mu dogon hutun damina, hedimasta ya raba mana farar takarda, ya ce kowa ya rubuto aikin taimakon jama'a da ya yi a hutu, wanda ya fi kowa za a kira sunansa a gaban taro. Yaran yanzu in an ba su hutu sai barci da kallon waya, abin yana ci mini rai, amma in za a faɗi gaskiya nawa ciwon ya fi nasu muni, tunda su ba su ɓata wa kowa komai ba. Ni tun a bayan motar da ta ɗauko mu na ja layi na tsara hutun nan kaf. Makon farko Ikara, in gaida kawuna in taya 'yan lamba rubuta sunayen waɗanda aka yi wa rigakafin agana. Daga nan Makarfi, in riƙa koya wa manya karatu a ajin yaƙi da jahilci. Sai Taba ta wajen Kudan, inda gwaggona take. Na duba tsarin nan na ji daɗi har cikin raina, ban lura ba ko layi ɗaya ban bar wa gidanmu ba.

Na fara da Ikara kamar yadda na shirya. Kawu tela ne a bakin kasuwa, har yau in na rufe ido ina jin ƙarar kekensa na ɗinki tana haɗuwa da kukan awaki da muryar masu tallar dafaffiyar gyaɗa. Da safe in bi 'yan lamba unguwa-unguwa da littafi a hammata, yara na tsala ihu, iyaye mata na ɓoye su a bayan rumbu, ni kuwa ina rubutu ina girgiza kai ina cewa jahilci bai yi ba. Kwana shida na yi. Ranar da zan tafi Kawu ya ara mini keken hawansa, baƙi mai ƙararrawa, ya ce in dawo masa da shi yadda na ɗauka. A wancan zamani keke ba abin kowa ba ne, sai ma'aikacin En'e ko babban attajiri. Na sa kakin makaranta, wando iya gwiwa, na kafa hula, na kama hanya ina kaɗa ƙararrawa ko da ba kowa a gabana.

Da na isa gida na tarar da Baba kwance a zaure, kurkunu ya kama shi ƙafa biyu. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah ya raba su da saninsa. Tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, da take fitowa daga ƙafar mutum, kullum a naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, ba a ja da ƙarfi, in ta tsinke a ciki ƙafar ta kumbura. Kuma ba ta tashi kama mutum sai tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi bukatarsa. Babbar gonarmu ta dawa tana bakin hanyar mota, gindin wata tsohuwar tsamiya. Baba ya samu ya yi noman firi kafin ya kwanta, amma maimai, wato noma na biyu, ko kunya ɗaya ba a taɓa ba. Na bi ta wajen na ga ciyawar harƙiya ta kai wa dawar wuya, ganyen ya fara rawaya. Wannan gona ita ce tuwonmu na shekara, mu goma sha ɗaya a gida, kuma duk wanda ya san dawa ya san in aka ƙara mako biyu a haka sai dai a girbe kara.

Kakata, uwar Baba, Iya muke ce mata. Ita ce ta kira ni bayan la'asar, ta ajiye ƙunshin goro a gabana, an naɗe shi da ganye an yayyafa ruwa.

"Angona ɗan boko," ta ce, "Allah ya kawo ka a kan gaɓa. Gayya za a kira, Asabar ta sama. Gida ashirin da huɗu ne, zan lissafa maka su. Ka je da ƙafarka, ka zauna, ka gaisa."

Na ce, "Iya, jibi fa ana jirana a Makarfi. Na yi alkawari."

"Alkawarin cika rumbu ka yi musu?"

Na ce, "Taimakon jama'a ne."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mu kuma nan aljanu ne. Ɗauki goron, ka fara da gidan Tanko, shi ne aminin ubanka."

Kiran gayya yana da hanyarsa, kuma na san ta sarai, ba zan fake da ƙuruciya ba. Za ka tsaya a ƙofar zaure ka yi sallama, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Maigida ya fito, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa a ƙwarya, ko ba ka jin ƙishi sai ka kurɓa. A gaisa a kan gajiya, a kan iyali, a kan ruwan sama, a kan jakin da ya yi ciwo bara. Sai maganar ta lafa tukuna ka miƙa goro da hannu biyu ka ce wane yana gaisuwa, ya ce ranar kaza in Allah ya kai mu yana neman hannu. Ba ka kiran sunan samarin gidan, wannan hurumin maigida ne, shi ya san wanda zai tura. In ya karɓi goron ya ɓare ya sa a baki, magana ta ƙare, ko ruwan ƙanƙara ake za ka ga mutanensa. Ranar gayya kuwa tun hantsi bai ɗaga ba gangar noma ke tashi, samari su jeru kafaɗa da kafaɗa, fartanya ta sauka a tare ta tashi a tare, makaɗi na bin bayansu yana yi wa kowa kirarin kakansa, 'yan mata na tafe da ƙoren fura a ka. Gonar da mutum ɗaya zai yi wata yana fama da ita, kafin azahar an share ta. Yau ka je ka saurara a gonakin nan, ba abin da za ka ji sai ƙugin injin feshi, mutum ɗaya da tanki a baya, ko sannu ba mai ce masa.

To ni sai na zauna na yi lissafi irin na makaranta. Gida ashirin da huɗu a warwatse cikin unguwanni biyar, kowane gida ya ci rabin safiya, kwana nawa ke nan? Ajin Makarfi ya tafi, Taba ta tafi, farar takardar hedimasta ta koma da layi ɗaya. Iya takan ce taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa na ce boko ya zo ne don a tauna ta. Na yage tsakiyar littafina, na yanka gida-gida, na jiƙa alƙalami. A kowace na rubuta: ka zo da fartanya ranar Asabar da sassafe, gindin tsamiya bakin hanyar mota. Sai na ce me zai sa in rubuta sunan tsofaffi, alhali samari ne za su yi noman? Na bi gida-gida na sa sunan saurayin da ya fi ƙarfi. A sama na sa lamba, ɗaya har ashirin da huɗu, yadda aka koya mana rubuta wasiƙar ofis. Duk wannan bai ishe ni ba, na samo ɗanyen dankali na fafe shi na yi hatimi, na shafa tawada na buga a ƙasan kowace. Sunan Baba ma a ƙarshe na maƙala shi, ƙanana-ƙanana, a gefen hatimin.

Washegari da safe na sa kaki na hau keke. In na isa ƙofar gida sai in kaɗa ƙararrawa, ƙafa ɗaya a ƙasa, yaro ya leƙo, in miƙa masa in ce, "Kai wa masu gida," in taka in wuce. Shekara uku rabona da yawancin gidajen nan, na yi tsawo, murya ta buɗe, ga hula har gira, ba wanda ya gane ɗan wane ne. Kafin rana ta take na gama duka ashirin da huɗun. Goron kuwa na tura shi ƙasan jakata, na ce na kai wa Gwaggo tsaraba. Da Iya ta tambaye ni, "Har ka dawo? Ka ga Tanko? Me ya ce?" sai na kawar da kai na ce, "Saƙo ya isa, Iya." A raina ina cewa ai ban yi ƙarya ba.

Abin da ban sa a lissafina ba shi ne abin da takarda take nufi a ƙasarmu a wancan lokaci. Ba wanda aka taɓa aiko wa takardar boko don alheri. In ba haraji ba ce, sammaci ce. Wanda ya fi duka kuwa ɗiban gwamna, lokacin yaƙin Turawa, da aka riƙa bin gari-gari ana rubuta sunayen samari ana kwashe su tilas zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos. Ina ƙarami aka yi, ya zame mini kamar tatsuniya, amma ga manya jiya-jiya ne. Wasu sun dawo da tarin da bai bar su ba, wasu ba su dawo ba. Kuma motar da ta kwashe na yankinmu, a gindin tsamiyar nan ta gonarmu ta tsaya. Yanzu ka haɗa: ɗan kaki a kan keke, takarda mai lamba da hatimi, sunan saurayin gida, ga ba mai iya karantawa, domin malamanmu ajami suka sani. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ni ina can ban san wainar da ake toyawa ba. Na tare a Makarfi gidan wani abokin Kawu, kullum bayan la'asar in tsaya gaban allo a rumfar kasuwa, dattawa goma sha wani abu a zaune suna bina, ba, bi, bu. Wanda ya fi kowa ƙoƙari a cikinsu wani mai sayar da mazarƙwaila ne, ya fara haɗa baƙi yana fitar da kalma ɗai-ɗai, ina ta alfahari da shi. Ranar Laraba na taka keke har Taba, na ƙetare rafi biyu da keken a kafaɗa, na gaida Gwaggo, na ba ta goron gayya ta yi ta sa mini albarka, na taya mijinta dashen barkono, na rubuta wa maƙwabtansu wasiƙu uku. Kowane dare kafin in kwanta sai in ƙara layi a takardar hedimasta. Ban taɓa jin ni mutum ne mai amfani kamar a wannan mako ba, kuma duk lokacin da na tuna haka sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar Juma'a da yamma na koma gida na tarar ana ta daka, turmi uku a lokaci ɗaya. Iya ta sa an yanka akuyarta, wadda take ji da ita kamar 'ya, an jiƙa gero na fura, makaɗi ma ita da kanta ta je ta gayyato shi. Tana tankaɗe take ce mini, "Kai da kake yawon duniya, ka ji wai an sake ɗiba? Takardu na ta yawo, samari sun fara tsallakawa ƙasar Kano. Ka ga ashe kurkunu ma yana da rana, ko sun zo ba sa ɗauki ubanka ba." Na yi dariya na ce ai yaƙi ya ƙare tuntuni, surutun jahilai ne. Wani abu ya ɗarsu a zuciyata, ba zan ɓoye ba, amma na danne shi na ce ba zai yiwu ba. Ita kuma hankalinta kwance yake, don a saninta an ci goronta a gida ashirin da huɗu.

Da gari ya waye aka ɗora Baba a jaki aka kai shi gindin tsamiya, ya ce ko ba zai iya noma ba zai yi wa mutane sannu. Makaɗi ya ɗaura ganga ya fara. Ya buga, ya buga, ya tsaya ya saurara, ba abin da ya amsa sai kurciya. Hantsi ya ɗaga, mata suka iso da ƙoren fura suka jera a inuwa. Baba yana ta duban hanya gabas da yamma, yana gyara zaman ƙafarsa. Ni na san abin da ke cin sa, ba ciyawar ba ce kaɗai. Mutumin da bai taɓa ƙin zuwa gayyar kowa ba, yau ya kira an rasa ko mutum ɗaya. Makaɗi ya sauke gangar ya zauna yana goge zufa.

Can sai ga mutum ɗaya tafe daga yamma, a hankali. Baba Tanko ne, aminin Baba, dattijo mai furfura, ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a. A kansa tabarma a naɗe, a kafaɗa ƙunshin guzuri da buta, fartanya a hannu. Babban ɗansa yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa kuza ba su dawo ba, saura Audu kaɗai, wannan dai Audun da katangarsa ta faɗi. Ya iso ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ganga, ya dubi ƙoren fura, kamar bai gane inda yake ba.

"Ina motar?" ya ce.

Baba ya ce, "Wace mota, Tanko?"

Ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar, an ninke ta har ta yi laushi. "Na kai ta Makarfi, mai mazarƙwaila ya duba mini. Ya ce shi dai ya ga Audu, ya ga Asabar, ya ga tsamiya, ya ga mota. Audu na sallame shi tun ranar Talata, ba zan faɗi inda yake ba ko za a yanka ni. Sun ci ɗaya, ba za su ci biyu ba. In hannu suke so ga nawa, har yanzu ina iya ɗaga diga. Na yi sallama da iyali."

Iya ce ta matso ta karɓi takardar, ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ta kai hanci ta shinshina wurin hatimin. Sannan ta juyo ta dube ni. Ban jira an tambaye ni ba, na ce ni na rubuta, gayya ce, ga sunan Baba nan a ƙasa, da an karanta har ƙarshe da an gani.

"Ina gorona?" in ji Iya.

Na ce yana Taba.

Ta ajiye takardar a ƙasa ta koma wajen ƙorenta ta zauna, ta juya mini baya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Baba Tanko kuwa ya sauke tabarmar a hankali, ya sauke guzurin, ya zauna a kan tushen tsamiya. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Na matsa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, na ga lokaci ne ba zai ishe ni ba, na ce takarda ta fi sauri."

Ya ɗago ya ce, "Ta fi sauri kam. Kwana biyar uwar Audu ba ta sa komai a bakinta ba." Ya nuna takardar da haɓa. "Yaro, da ta zo ƙofar gidana, ta yi sallama? Ta tuɓe takalmi? Ta tambaye ni ya na ji da ruwa? Takarda ba ta durƙusawa. Abin da bai durƙusa ba kuwa umarni ya kawo, ko me aka rubuta a cikinsa."

Daga nan ya tashi ya tuɓe rigar Juma'ar ya rataye a reshe, ya ɗauki fartanya ya shiga gona. Makaɗi ya rasa yadda zai yi, ya ɗauki ganga ya bi bayan mutum ɗaya. Na tuɓe kakin nan na bi su, hannuna da ya saba da alƙalami ya yi kanta ya fashe tun kafin azahar. Mu biyu muka wuni, abin da muka nome bai kai shimfiɗar zaure uku ba. Naman akuyar Iya gida-gida aka rarraba shi don kada ya lalace, furar ta yi tsami aka ba makiyayan da ke wucewa.

Washegari Iya ta ba ni wani goron. Na jingine keke na tafi da ƙafa, gida ashirin da huɗu, ina durƙusawa ina faɗin abin da na yi da bakina. Wasu suka yi dariya har da hawaye, wasu suka ƙi fitowa sai da na koma sau biyu, wata tsohuwa ta biyo ni da muciya. Kwana shida na yi ina wannan zagaye, ga shi kuma sai an aika ƙasar Kano an lallaso samarin da suka gudu, wasunsu ba su yarda ba sai da iyayensu suka je da kansu. Ranar da gayyar ta taru, ta taru sosai, har da waɗanda ba a kira ba, ganga ta yi daɗi. Amma an makara da kusan mako uku, dawar ta riga ta shaƙe. Gonar da take cika rumbu biyu, a shekarar ɗaya ma bai cika ba. Tun kafin bazara aka koma cin tuwo sau ɗaya a gidanmu, ƙannena suka yi ta cin rama da tafasa, ni kuwa ina Zariya ana kaɗa mini ƙararrawar abinci sau uku a rana. Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah, kuma wannan shirun nasa bai bar ni ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne takardar hedimasta. Na miƙa ta cike, 'yan lamba, ajin manya, dashen barkono, wasiƙu, har da layi na ƙarshe, wai na shirya gayyar noma a ƙauyenmu. Ni aka kira a gaban taro, aka tafa mini, aka ba ni sabon alƙalami. Na karɓa kuwa. Na yi shekara talatin da wani abu ina aikin ofis, takardun da na sa wa hannu ba su ƙirguwa, ban ce takarda ba ta da amfani ba. Amma na ga yadda muka ɗauki abin da aka yi don nesa muka mai da shi na maƙwabci. Yau mutum yana jin tarin maƙwabcinsa ta katanga, amma ta'aziyya a waya zai tura masa. Iya takan ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa mun mai da ita a yatsa, sannan muna mamakin yadda gari ya cika da mutane amma ba kowa.

Asabar ɗin da ɗana ya sa ta zo. Na sa aka kai ni ƙofar gidan Audu tun da hantsi, na zauna a kan dutse ina duban hanya gabas da yamma. Mutum uku suka zo, ɗaya ma wucewa yake ya tsaya kallo. Ɗana yana ta duba wayarsa yana cewa, "Wallahi duk sun gani, Baba, ga alama nan." Na ce na sani, ni ma nawa duk sun gani. Na aika aka sayo goro, na ce gobe da ni da shi za mu zaga da ƙafa, ko za mu yi mako muna yi, jikokin nan ma su ajiye wayoyin su biyo mu su ga yadda ake yi. Amma na ce kafin nan akwai gidan da ake farawa da shi.

Na dogara sanda na shiga zauren. Audu yana zaune a kan buzu, ya juyo da fuskarsa wajen motsina. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na yunƙura zan durƙusa. Gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na gwada dama, na gwada hagu, na dafa bango, zufa ta keto mini, na tsaya a rankwafe ba sama ba ƙasa. Audu ya kasa kunne yana jin nishina, sai ya fashe da dariya.

"Wa nake ji kamar ɗan kaki? Yau ba keke?"

Na ce, "Ba keke, Yaya. Da ƙafa na zo. Durƙusawa nake so in yi, ta gagara."

Ya lalubo hannuna ya jawo ni na zube a gefensa a kan buzun. Ya karɓi goron ya ɓare, ya sa rabi a baki, ya miƙo mini rabi.

"Bar shi haka, Malam," ya ce. "Lokacin da kake da gwiwar ai takarda ka aiko."